Ƙurar da ke Sauka a Gonakinmu: Hanyoyin Gano Sinadaran da ke Cikinta

Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa shanya barkono ko tumatir a watan Janairu ya san aikin hunturu. Da safe a shimfiɗa kaya jawur, kafin la'asar sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka. Haka ganyen latas da kabeji a lambu, haka ruwan randa idan aka bar ta a buɗe. Mun saba da wannan ƙura har ba mu cika tambayar abin da ta ƙunsa ba. Alhali kuwa ƙura iri-iri ce. Akwai wadda ke ƙara wa ƙasa albarka, akwai wadda ke toshe ƙofofin numfashin ganye, akwai kuma wadda ke kashe yara, kuma a ido launinsu kusan ɗaya ne.

An shirya wannan bayani ne domin malaman gona da manoman da bukata za ta iya kamawa su kai samfurin ƙura ɗakin gwaje-gwaje, ko kuma a miƙo musu takardar sakamako cike da lambobi a ce su fassara wa jama'a. Za mu duba manyan hanyoyi biyar da masana ke bi wajen gano sinadaran asali da ke cikin ƙura, wato irin su ƙarfe da dalma da tutiya da kalsiyam da fotasiyam da fosfaras. Kowace hanya tana da abin da take gani da abin da ke ɓuya mata. Saboda haka kafin ka tambayi wace na'ura ce ta fi kyau, fara sanin tambayar da kake son ƙurar ta amsa maka.

Inda ƙurar ke fitowa

Babban tushen ƙurar hunturu shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi. Wurin a da can gindin wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yanzu ɗan ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya janye shekaru dubbai da suka wuce, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda galibinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne. Iska tana matsuwa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi, ta biyo ta kan Nijar da Najeriya har bakin teku. Wani bincike da masanan hukumar NASA ta Amurka suka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ne ke barin yammacin Sahara a kowace shekara. Daga ciki kusan tan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon da ke Kudancin Amurka, ɗauke da fosfaras da ya kai tan 22,000. Idan har ƙurar da ta ƙetare teku tana ciyar da daji a wata nahiya, ai mu da ke kan hanyarta mun fi cancanta mu san abin da take zubo mana. Tun a 1980 wani masani mai suna Grant McTainsh ya wallafa sakamakon awon ƙurar hunturu da ya yi a yankin Kano, kuma bincike da dama sun biyo baya.

Sai dai iskar da ke kan gonarka ba ƙurar Sahara kaɗai ta ɗauko ba. Tana haɗawa da hayaƙin ƙonar daji da na karan da aka cinna wa wuta bayan girbi, da hayaƙin manyan motoci, da garin da ke tashi daga wuraren fasa dutse da masana'antun siminti, da na wuraren narka tsofaffin batura. Kowanne yana barin alamarsa. Ƙurar ƙasa zalla za ka same ta da yawan silikon da alminiyam da ƙarfe. Hayaƙin itace da ciyawa yana zuwa da fotasiyam a cikin ƙwayoyi masu tsananin laushi. Baƙin mai na manyan injuna yana barin banadiyam da nikel, gogewar taya tana barin tutiya, siminti kuma kalsiyam. Da waɗannan alamomi ne ake bin sawun ƙura har a gano mai ita.

Abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ya isa ya nuna mana girman al'amarin. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, mutane sun riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gidaje suna dakawa, suna niƙawa da irin injin da ake niƙa hatsi. Duwatsun suna da dalma mai yawan gaske. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da abinci, kuma yara kimanin 400 suka rasu. A wasu wuraren an auna dalma fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙasar. Binciken da aka yi a kan abincin ƙauyukan ya nuna cewa galibin dalmar da ke cikin hatsi ta shiga ne bayan girbi, lokacin sarrafa shi a cikin gari, ba ta saiwa a gona ba. A 2015 aka sake ganin irin wannan masifa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Wannan kai tsaye aikin malamin gona ne, domin shi ke koyar da shanya da sussuka da ajiya.

Tara samfuri

Ana raba ƙwayoyin ƙura gwargwadon girmansu, kuma ma'aunin shi ne maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai guda yakan kai maikiron 50 zuwa 70. Ƙwayoyin da ba su wuce maikiron 10 ba ana kiransu PM10, su ne ke wuce hanci su shiga ƙirji. Waɗanda ba su wuce maikiron 2.5 ba kuwa, PM2.5, suna kaiwa can cikin huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, matsakaicin PM2.5 na yini guda bai kamata ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba, na PM10 kuma 45. Kubik mita ɗaya daidai take da cikin duro biyar masu cin lita 200. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Idan abin da mutum ke shaƙa ake son aunawa, ana amfani da famfo mai zuƙo iska ta cikin wata 'yar matata mai faɗin milimita 47. Ƙaramin famfon da aka fi amfani da shi yana zuƙar lita 16.7 a minti, wato kubik mita 24 a yini, cikin duro 120 ke nan. A ce iskar tana ɗauke da maikirogiram 100 a kowace kubik mita. Abin da zai taru a kan matatar miligiram 2.4 ne kacal, bai kai rabin nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. A cikin wannan ɗan abu ne ake son a gano sinadarai 20 ko 30, wasu ma kashi ɗaya cikin dubu goma ne na nauyinsa. Wannan ya sa taɓa matatar da yatsa sau ɗaya ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Ita kanta matatar sai an zaɓa. Ta Teflon ita ce mafi tsabta ga aikin gano sinadarai. Ta zaren gilashi tana da araha, amma jikinta na ɗauke da tutiya da bariyam da sodiyam, sai na'ura ta ƙirga su a matsayin na ƙura. Ta kwaz, wadda ake yi da zaren farin dutse, tana da kyau wajen auna baƙin hayaƙi, amma ba a auna silikon da ita domin ita kanta silikon ce.

Idan kuwa abin da ke sauka a kan gona ake son sani, aikin ya fi sauƙi, kuma malamin gona zai iya yin sa da kansa. A sami bokitin roba sabo, wanda faɗin bakinsa bai gaza santimita 15 ba, zurfinsa kuma ya ninka faɗin sau biyu domin kada iska ta sake kwashe abin da ya faɗa. A ɗora shi a kan sanda mai tsawon mita 2, nesa da bishiya da gini, a bar shi kwana 30. Lissafin ba shi da wuya: giram ɗaya a kan murabba'in mita daidai yake da kilo 10 a kan hekta. Bokiti mai faɗin baki santimita 20, idan ya tara giram ɗaya, to kimanin kilo 318 ke nan a hekta.

Hanyoyin da ba sa lalata samfuri

Hanya ta farko ita ce XRF, wadda za mu kira hanyar haskawa. Ana haska matatar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan hasken ya bugi ƙwayar zarra ta wani sinadari, sai ita ma ta mayar da nata hasken, kuma ƙarfin hasken da kowane sinadari ke mayarwa daban yake da na ɗan'uwansa, kamar yadda makiyayi ke bambanta kukan shanunsa cikin duhu. Na'urar tana ware su, ta ƙirga, ta faɗi yawan kowanne. A zama guda, cikin abin da bai cika wuce awa ɗaya ba, za a sami sinadarai masu yawa tun daga sodiyam har zuwa dalma. Ba a zuba asid, ba a narka komai, kuma matatar tana nan yadda take, ana iya ajiye ta ko a aika da ita wani wuri a sake gwadawa. Da wannan hanya ce manyan tsare-tsaren lura da iska na Amurka ke auna dubban matatai a kowace shekara.

Rauninta iri uku ne da ya kamata ka sani. Na farko, idan sinadari kaɗan ne ƙwarai, kamar yadda kadmiyam yakan kasance a iskar karkara, sau da yawa ba ta ganinsa. Na biyu ya shafe mu sosai a lokacin hunturu. Hasken da sinadarai marasa nauyi ke mayarwa, irin su alminiyam da silikon da magniziyam, ba shi da ƙarfi. Idan ƙwayoyin ƙurar manya ne, ko kuma sun taru da kauri a kan matata, sai hasken ya maƙale a cikinsu bai fito ba, na'urar ta ba da adadin da bai kai na gaskiya ba, sai fa idan mai aikin ya yi gyara a lissafi. Saboda haka a ranar da hazo ya yi tsanani gara a rage awannin zuƙa. Na uku, babban hasken dalma da na asinik suna faɗawa kusan wuri ɗaya. Inda dalma ta yi yawa, asinik yakan ɓuya a bayanta.

Akwai ƙaramar XRF ta hannu, mai kama da na'urar busar da gashi, wadda ake ɗora wa ƙasa a karanta sakamako cikin minti ɗaya ko biyu. Da irinta aka bi gida-gida a ƙauyukan Zamfara ana ware inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa. A irin wannan aiki babu kamarta. Amma an yi ta ne domin ƙasa da ƙurar da ta kwanta da yawa, ba ta dace da 'yar ƙurar da ke kan matata ba. Danshi yana rage abin da take karantawa, don haka a busar da samfuri a tankaɗe shi tukuna. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, cikin kowane samfuri 20 a aika da aƙalla ɗaya babban ɗakin gwaji domin tabbatarwa.

Hanya ta biyu, PIXE, ƙanwar ta farko ce. An ƙirƙiro ta a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 1970. Maimakon haske, ana harbin matatar ne da ƙwayoyin furoton da wata babbar na'ura ke cillowa da gudu, sai sinadaran su mayar da irin hasken da muka ambata. Fifikonta shi ne sauri, da kuma iya aiki da samfuri ɗan mitsitsi. Minti kaɗan ya isa, har ana iya auna ƙurar kowace awa daban, a ga lokacin da hayaƙin wata masana'anta ke isowa ƙauye. An kafa irin wannan na'ura a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a 2008. Matsalar manyan ƙwayoyi da kaurin ƙura tana damunta kamar yadda take damun XRF, kuma na'urar ba ta tafiya ko'ina, sai dai a kai mata.

Ta uku ita ce INAA, wadda ke bukatar tukunyar nukiliya. Tushenta ya koma 1936, ga aikin George de Hevesy da Hilde Levi. Ana naɗe samfurin a cikin ɗan kwanson roba a tura shi cikin tukunyar, inda ƙwayoyin niyutiron ke ratsa shi. Wasu daga cikin sinadaran sai su koma masu fitar da wani haske mai ƙarfi da ake kira gama, kowanne da irin nasa, kuma kowanne da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya lafa. Na alminiyam yana raguwa da rabi cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, dole a auna shi nan take. Na manganis yana ɗaukar awa biyu da rabi. Na ƙarfe kuwa sai kwana 44 da ɗoriya, don haka ana jira makonni sauran su lafa kafin a ƙirga shi. Cikakken sakamako yakan ɗauki kusan wata guda.

Abin da ya sa masana ke girmama wannan hanya shi ne, niyutiron da hasken gama suna ratsa ƙwayar ƙura gaba ɗayanta, babba ce ko ƙarama, kuma ba a narka komai balle wani abu ya salwanta. Akan yi amfani da ita wajen tantance sahihancin sauran hanyoyin. Tana da ƙwarewa a kan asinik da banadiyam da manganis da sodiyam da tutiya. Najeriya tana da irin wannan tukunya a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙarama ce, ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mara ƙarfi sosai. To amma ga abin da ya kamata kowane malamin gona ya riƙe: wannan hanya ba ta auna dalma. Haka kuma ba ta da amfani sosai a kan fosfaras da silikon. Wanda ya ɗauki ƙurar wurin niƙa dutsen zinariya ya kai a yi masa INAA kawai, zai dawo da dogon jerin sinadarai, babu wanda ya je nema a ciki. Kuma rashin ganin dalma a takardar ba ya nufin babu ita a ƙurar.

Hanyoyin da sai an narka samfuri

Sauran hanyoyi biyun ba sa karɓar ƙura a bushe. Sai an dafa matatar a cikin asid mai ƙarfi har sinadaran su koma ruwa.

AAS ita ce wadda aka fi samu a jami'o'inmu da cibiyoyin binciken aikin gona, domin da ita ake gwajin ƙasa da ganye. Alan Walsh ne ya fito da ita a Ostareliya a 1955. Ana fesa ruwan samfurin cikin harshen wuta mai zafin kimanin digiri 2,300, a haska wata fitila ta musamman ta cikinsa. Kowane sinadari da fitilarsa, kuma yawan hasken da ya shanye shi ke nuna yawansa. Ɗaya bayan ɗaya ake auna su, kowane awo kuma yana cin wani kaso na ruwan. Ga ƙurar bokiti, wadda ake da giram guda ko fiye, wannan ba matsala ba ce, kuma kuɗinta da sauƙi. Ga miligiram biyu na kan matata kuwa, harshen wuta bai cika ganin dalma da kadmiyam ba. Sai an koma ga nau'in da ke amfani da ɗan bututun gawayi da lantarki ke zafafawa, wanda ya fi harshen wuta gani sau ɗari ko fiye. Idan an ce maka za a yi AAS, tambayi wanne daga cikin biyun.

ICP-MS ita ce mafi kaifin gani duka. Ta shiga kasuwa a 1983. Ana fesa ruwan cikin wutar iskar argon mai zafin da ya haura digiri 6,000, ƙwayoyin zarra su rabu, sai na'urar ta tantance su gwargwadon nauyinsu. Tana auna sinadarai masu yawa a lokaci guda, kuma tana ganin abin da XRF ba ta ko kusa da shi. Har tana iya bambanta dalmar wani dutse da ta wani, abin da ke taimakawa wajen gano ko gubar daga ma'adinai take ko daga tsohon fetur. Domin a tuna, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma ne a farkon 2006, ƙasa ta ƙarshe a duniya kuma, Aljeriya, sai a 2021, kuma dalmar da ta riga ta kwanta a gefen manyan hanyoyi ba ta ruɓewa. A Tarayyar Turai, hanyar da doka ta amince da ita wajen auna dalma da kadmiyam da asinik da nikel a cikin PM10 ita ce ICP-MS ko AAS mai bututun gawayi. Sai dai tana da tsada, tana shan iskar argon da yawa, tana bukatar asid mai tsananin tsabta da lantarkin da ba ya yankewa. A ganina, ICP-MS a ɗakin da ƙura ke shigowa ta taga ba ta fi AAS da ke hannun mai kula ba, domin kaifin ganin nata yana ganin dattin ɗakin ma.

Dalilin da sakamako ke saɓawa

Na taɓa raba ƙurar bokiti ɗaya gida biyu, na aika wa ɗakunan gwaji biyu. Alminiyam da fotasiyam da ɗaya ya samu sun yi ƙasa ƙwarai da na ɗayan, har na fara zargin an musanya mini samfuri. Da na bincika, babu wanda ya yi kuskure. Ɗaya XRF ya yi, ɗayan kuma ya narka ne da asid ɗin da aka saba.

Bayanin shi ne, galibin ƙurar hunturu garin dutse ne da yumɓu, kuma asid na yau da kullum ba ya narka su duka. Yana kwaso abin da ke manne a bayan ƙwayar, ya bar wanda ke ɗaure a cikinta. Kafin a narka garin dutse sarai sai an sa wani asid mai suna HF, wanda ke cin gilashi, mai haɗarin gaske ga mai aiki, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yarda ya taɓa shi ba. In an sa shi ɗin ma, silikon yakan bi tururi ya tafi. Don haka XRF da PIXE da INAA suna faɗin jimillar abin da ke cikin ƙura, hanyoyin narkarwa kuwa suna faɗin abin da asid ɗin da aka yi amfani da shi ya iya fitarwa. A kan dalma da tutiya da kadmiyam na hayaƙi, waɗanda ke narkewa da sauƙi, hanyoyin sukan yi kusa da juna. A kan alminiyam da kuromiyam da titaniyam ne tazarar ke fitowa.

Ga manomi akwai mataki na uku, wanda ya fi waɗannan muhimmanci. Jimillar sinadari daban, abin da shuka za ta iya sha daban. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce kilo 500 na ƙura ya sauka a hekta a hunturu guda, buhu goma ke nan, kuma XRF ta nuna kashi 2 cikin 100 fotasiyam ne. Wannan kilo 10 ne, ya ma fi abin da ke cikin buhun kamfa 15-15-15 guda. Malamin gona da bai lura ba zai iya gaya wa manomi ya rage taki. Alhali mafi yawan wannan fotasiyam yana ɗaure ne a cikin garin dutse, sai a hankali cikin shekaru zai saku. Amfanin ƙurar hunturu ga ƙasarmu gaskiya ne, musamman wajen mayar da kalsiyam da magniziyam da rage tsamin ƙasa, amma irin na ajiya ne mai tsawo, ba ya maye gurbin takin bana. Idan abincin shuka kake tambaya, ka ce a yi wa ƙurar irin gwajin da ake yi wa ƙasar gona, wato a jiƙa ta da ruwan gwaji mai sauƙi, na Bray don fosfaras, na amoniyam asitet don fotasiyam da kalsiyam da magniziyam, sannan a auna abin da ya fito.

Akwai kuma abin da duk hanyoyi biyar ɗin ba sa faɗi. Ba sa auna baƙin gawayin hayaƙi, irin wanda ya addabi Fatakwal tun daga ƙarshen 2016, kuma ba sa auna naitirojin, wanda shi ne manomi ya fi damuwa da shi. Waɗannan suna da nasu gwaje-gwajen daban. Kada ka yi mamaki idan ka tara lambobin da ke takardar ka ga ba su kai nauyin ƙurar ba.

Shawara ga malamin gona

Idan ana zargin guba a ƙauye, kamar inda ake niƙa dutsen ma'adinai ko narka batura, a fara sanar da hukumar lafiya, kada a jira sakamako. Gwajin da ya dace shi ne XRF ta hannu a kan ƙasar tsakar gida da masussuka da wurin niƙa, sannan a tabbatar da AAS ko ICP-MS. Idan gardama ce a kan wanda ke turo ƙura gonakin jama'a, ana bukatar sinadarai masu yawa a lokaci guda, don haka XRF ta ɗakin gwaji ko PIXE ta fi dacewa, kuma dole a kafa ma'auni biyu, ɗaya ta inda iska ke fitowa kafin ta kai masana'antar, ɗaya ta inda take zuwa bayan ta wuce. Ma'auni ɗaya ba ya kafa hujja, domin mai masana'anta zai ce hunturu ne, kuma mai yiwuwa da gaskiyarsa. Masana sukan gwada yawan kowane sinadari da na alminiyam, su duba ko rabon ya yi daidai da na ƙasa ta asali. Idan ya ninka sau goma ko fiye, to akwai hannun ɗan Adam a ciki.

Ga masu lambu a gefen titi, akwai gwaji mai sauƙi. A tsinko ganyen alayyafo ko latas, a raba biyu, a wanke kashi ɗaya sosai da ruwa mai tsabta, a bar ɗayan yadda yake, a kai duka. Idan wanda ba a wanke ba ne kaɗai ke da dalma mai yawa, daga iska take sauka, kuma wanki da shingen bishiyoyi za su rage ta. Idan duka biyun ne, a gwada ƙasar da ruwan ban-ruwa. Haka nan shanya alabo da tumatir da barkono a kan kwalta al'ada ce da ya kamata mu yi ta jan hankali a bari, a koma kan tabarma ko tamfol a bisa dandamali, nesa da hanya.

Kada a zuba samfuri a gwangwanin madara ko buhun siminti ko na taki, kuma kada a kwashe shi da cokalin ƙarfe. A yi amfani da sabuwar leda mai zif ko kwalbar roba da aka wanke, da cokalin roba. A rubuta wuri da ranar kafawa da ranar ɗaukewa da inda iska ta fi kaɗawa, da abin da ake yi a kusa, ko ƙonar daji ko aikin hanya. A haɗa da leda ɗaya ko matata ɗaya da ba a yi amfani da ita ba, wadda ta yi tafiyar tare da sauran, domin a auna ta a cire abin da ya shiga a hanya. Kafin ka biya kuɗi, ka tuntuɓi ɗakin gwajin ka ji ko na'urar tana aiki a lokacin. Sannan ka nemi su rubuta maka a takardar sakamako wace hanya suka bi, wane asid suka sa idan sun narka, mene ne mafi ƙanƙantar adadin da na'urarsu ke iya gani a kan kowane sinadari, da kuma abin da suka samu da suka gwada samfurin ƙa'ida wanda aka riga aka san abin da ke cikinsa. Inda suka rubuta cewa ba a gano wani sinadari ba, ka duba wancan mafi ƙanƙantar adadi, ka gwada shi da iyakar da hukumomin lafiya suka gindaya. A kan dalma a cikin iska, iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce rabin maikirogiram a kubik mita, a matsakaicin shekara.